Ɗalibin da Katun ɗin Japan Ya Mamaye wa Zuciya: Shin Ya Fita Musulunci?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibin jami'a ne a nan Sakkwato, shekaruna 21, ina zaune a Mabera gidan iyayena. Shekara uku ke nan da na fara kallon anime, wato katun ɗin ƙasar Japan, daga baya na shiga karanta manga, littattafansu na zane. Abin ya faro kamar wasa, yanzu ya kai ko ina aji hankalina yana can. Na fara koyon harshensu a waya, na manna hotuna a bangon ɗakina, na sayi ɗan mutum-mutumin wani jarumi na aje bisa tebur. Ko abinci zan ci, sai in ji kalmar da suke faɗa, itadakimasu, ta riga bisimilla zuwa bakina. Ba ni da buri irin in tafi Japan, har garinmu ya fara gundurata. Salla ina yi, Malam, sai dai asuba takan kuɓuce mini wani lokaci idan na yi dare. Wani abokina mai zuwa karatu ya ce wanda ya kamantu da mutane yana cikinsu, su kuwa masu bautar gumaka ne, don haka in sake kalmar shahada. Tun ranar ban samu natsuwa ba. Shin na fita Musulunci? Kallon haramun ne? In bari gaba ɗaya?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, ba ka fita Musulunci ba. Na sa wannan a gaba don ka saki ranka ka iya karanta sauran, domin sauran akwai ɗaci a ciki.

Abokinka ya bar jaki yana dukan taiki, kai ma ka taya shi. Abin da ya fi kome nauyi a wasiƙarka ka cusa shi cikin rabin layi, ka lulluɓe shi da "wani lokaci". Nawa ne wani lokacin? Sau ɗaya a wata, ko sau huɗu a mako? A nan hukuncinka yake rataye. Labarin da aka ƙirƙira, in babu batsa a cikinsa, asalinsa halas ne, ko mutane suka buga shi ko zana shi aka yi. Amma halas ɗin da ya saba kai mutum ga tozarta farilla ya zama haramun a kan wannan mutumin, ko da bai haramta ga maƙwabcinsa ba. Don haka kallon da kake yi har ƙarfe biyu ko uku na dare, kana sane da cewa ladan zai yi ta kira kai kana kwance kamar gawa, haramun ne a gare ka. Kallon da ka yi da rana bayan ka sauke abin da ke wuyanka wani abu ne dabam.

Kada ka fake da cewa an ɗauke alƙalami a kan mai barci. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin Sayyidina Umar, da bai ga Sulaimanu ɗan Abu Hasma a sallar asuba ba. Ya biya ta wurin mahaifiyarsa Shifa'u ya tambaya, ta ce ya kwana yana salla ne, barci ya rinjaye shi. Umar ya ce halartar asuba cikin jam'i ta fi masa soyuwa a kan tsayuwar dare sukutum. Wanda ya kwana yana nafila ke nan bai tsira daga zargi ba. Kai da ka kwana kana jiran ka ga ko jarumi zai kayar da abokin gaba, me za ka ce? Duk asubar da ka san ta wuce ba ka rama ba, ka rama ta yau, ka tuba.

Ina so kuma ka san da wa kake kokawa, don kada ka ɗauka raunin naka ne kawai. Da yawa daga cikin waɗannan labaran a mujallun mako-mako ake fara buga su a Japan. Mafi shahara a cikinsu, Shonen Jump, tana karɓar ƙuri'ar masu karatu, labarin da ya daɗe a ƙasa sai a datse shi. Ka ga ke nan abincin mai zanen yana ga ya tsayar da kowane babi a daidai inda ba za ka iya haƙuri ba. Su can mako guda suke jira dole. Kai kuwa ka je wurin masu turi an zuba maka kashi ɗari biyu a waya lokaci ɗaya, babu mai tsayar da kai sai caji. Labarin nan na 'yan fashin teku, One Piece, tun 1997 ake zana shi, katun ɗinsa ya fara a 1999, ya haura kashi 1,000. Kowane kashi wajen minti 24 ne, ka lissafa za ka samu awa 400. Minti 24 kuwa kusan lokacin da mai matsakaicin karatu yake karanta izu guda ne. Ban kawo wannan don in ce kowane numfashinka sai tilawa ba, Annabi (SAW) da kansa ya ce wa sahabinsa Hanzala sa'a da sa'a, wato akwai lokacin ibada, akwai kuma lokacin hutawa. Na kawo ne don ka ga girman abin da ake karɓa daga hannunka da kaɗan-kaɗan.

Yanzu ga maganar abokinka. Hadisin da ya kawo yana cikin Abu Dawuda, malamai da yawa sun karɓe shi, ba mu da ja a kan haka. Inda ya ɗora shi ne kuskure, kuma kuskure mai haɗari. Lafazin hadisin "tashabbaha" ne, wanda a Larabci yake nuna ƙoƙarin mutum da nufinsa na ya zama kamar wasu. Malamai kuma sun fassara kamancen da aka hana da abin da ya keɓanci addinin mutane ko ya zama tambarinsu, kamar rataya gicciye ko halartar bautarsu. Harshe da abinci da sana'a da tufar da kowa ke sawa ba su shiga ciki ba. Da sun shiga, da Annabi (SAW) bai sa jabba ɗinkin Rumawa ba a tafiyar Tabuka, mai matsattsen hannu, har sai da ya fito da hannayensa ta ƙasa kafin ya yi alwala. Da bai karɓi shawarar Salmanu ta haƙa gwalalo ba, alhali dabarar yaƙin Farisawa ce masu bautar wuta. Da bai sa an yi masa hatimi ba lokacin da aka gaya masa sarakunan ajam ba sa karanta wasiƙar da ba hatimi.

A kan harshe kuwa abin ya fi fitowa fili. Shi ne ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa koya cikin kusan rabin wata. Da ya sa wa ƙaramar yarinya Ummu Khalid riga, wadda aka haifa a Habasha, da kalmar Habashawa ya yaba mata, yana cewa "sanah, sanah", wato ta yi kyau. Wannan yana cikin Bukhari. Ko yabon halin kirki na waɗanda ba Musulmi ba, Amru ɗan Asi ya yi shi ga Rumawa a cikin Sahihu Muslim, ya ce sun fi kowa saurin farfaɗowa bayan musiba, sun fi kowa kyautata wa miskini da maraya. Saboda haka in ka ce tsabtar Japanawa da kiyaye lokacinsu suna burge ka, ba ka faɗi abin da ya taɓa imaninka ba. Shi abokin naka, in Toyota ya hau zuwa wurin karatu ko ɗan kabu-kabu ya kai shi a kan Honda, ƙirar wa ya hau?

Sannan ko da aiki ya tabbata kamance ne haramtacce, tsakanin haramun da kafirci akwai tafiya mai nisa, ba kuma ɗalibi ne yake yanke ta a bakin titi ba. Wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar tana komawa kan ɗayansu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da hubbarensa ke cikin garin nan, ya sha fama da wasu ɗaliban zamaninsa masu gaggawar kafirta talakawa, ya yi rubuce-rubuce da dama yana mayar musu da martani. Abin kunya ne a ce a Sakkwato ake koya wa yara wannan gaggawar. Ka gaya wa abokinka haka cikin ladabi, kada ku ɓata, domin ga alama tsoro ya ji maka, ilimin ne bai kai ba.

Amma kada ka ji na wanke ka ka ɗauka babu sauran datti. Addinin gargajiyarsu, Shinto, da addinin Buda su ne suka yi tasiri a al'adun Japan, labaransu kuma cike suke da abin da suke kira kami, wato ababen bautarsu, da allolin mutuwa, da masu tayar da matattu, da dodon da ake roƙo ya biya buƙata. Mai ba da labarin kafirci ba kafiri ba ne, haka mai sauraro da zuciyarsa ke ƙi. Kai baligi ne, ka san tatsuniya ce. Ƙanenka ɗan shekara bakwai da ke leƙen wayarka bai sani ba, kuma alhakinsa yana kanka. Labarin da aka gina shi kacokan a kan izgili ga Ubangiji ko mala'iku, ka bar shi. Na tsiraici kuwa haramun ne babu saɓani, kasancewarsa zane bai sauƙaƙa kome ba, kai ma ka san irin waɗanda nake nufi. Waƙoƙin farko da na ƙarshen kowane kashi, ka tsallake su ka huta da saɓanin kiɗa.

Itadakimasu ma'anarta kusan "na karɓa da godiya" ce, ba sunan gunki ba ne, suɓutar baki kuma ba a kama mutum da ita. Haɗa tafin hannu da suke yi lokacin faɗarta shi ne ke da asali a addinin Buda, wannan ka bar shi. In ta riga ka, ka ce bismillahi awwalahu wa akhirahu ka ci abincinka. Sai dai ka lura da abin da ta nuna maka: harshe abin da kunne ya fi ji yake maimaitawa. Sunkuyawa wurin gaisuwa an hana a hadisin Anas, ko da yake mu ma nan muna da namu durƙuson da malamai suka daɗe suna magana a kai, ba sai mun je Tokiyo ba.

Mutum-mutumin da ke bisa teburinka, a mazhabarmu ta Malikiyya surar mai rai wadda take da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika haramun ce. Rangwamen da aka yi na 'yar tsanar yara mata ne, kai kuwa ka wuce nan. Ka cire masa kai ko ka fitar da shi. Hotunan bango marasa inuwa makaruhi ne a wurinmu, kamar yadda Shehu Dardiri ya bayyana a sharhin Mukhtasar, sauran mazhabobi sun fi mu tsanantawa. Sauke su ya fi, musamman na ɓangaren alƙibla. A naka halin ma ina ganin sauke su magani ne, don ɗakin da ko'ina ka juya abu ɗaya yake kiranka ba ya barin zuciya ta huta.

Ka tambaya ko ka bari gaba ɗaya. Ban wajabta maka ba, amma ga gwaji. Ka ajiye shi kwana arba'in cur, ka goge abin da ke cikin wayar, kada ka ce za ka adana don gaba. In ka iya, ka dawo masa da sharaɗi: da rana, kashi ɗaya ko biyu, bayan isha'i kuma wayar ta kwana a ɗakin mahaifiyarka. In ka kasa kwana arba'in ɗin, ko ka dawo asuba ta sake kuɓucewa, to ka samu amsarka da kanka, barinsa ya zama wajibi a kanka.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, ni kuwa shi ya fi tsaya mini a rai, wato cewa garinku ya fara gundurarka. Yaushe rabonka da zama cin tuwo tare da mahaifinka? Su wa kake hira da su ido da ido, ban da wannan abokin? Sau da yawa yaro ba katun ne yake so haka ba, wani abu yake gudu, ko kaɗaici, ko karatun da ya yi masa nauyi, ko gidan da ba a magana da shi. Su Japanawan da kansu suna da suna ga matasan da suka kulle kansu a ɗaki wata shida ko fiye ba sa hulɗa da kowa, hikikomori suke ce musu, kuma matsala suka ɗauke shi, hukumarsu tana neman maganinsa. Japan ɗin da ke cikin wayarka masu zane ne suka ƙera ta don sayarwa, ta gaske mutane ne masu tashi da sassafe su yi aiki har dare. In ka ga barci ya ƙaurace maka ko da ba ka kallo, ko ƙunci ya daɗe a ƙirjinka, ka ga likita, babu abin kunya a ciki.

Harshen kuwa kada ka yar da shi. Ka mayar da shi karatu na gaske, da littafi da lokaci sananne, maimakon tsintar kalmomi daga bakin jarumai. Gwamnatin Japan tana ba da tallafin karatu ga ɗaliban ƙasashen waje, ana nema ta ofishin jakadancinta da ke Abuja, kuma sakamakon jarrabawa suke dubawa, ba yawan katun ɗin da ka kalla ba. Akwai Musulmi a can, masallacin Kobe tun 1935 yake tsaye, akwai kuma babban masallaci a Tokiyo. In Allah ya kai ka da izinin iyayenka, kana mai riƙe da sallarka, tafiyar halas ce. Kafin nan, ka nemi wani a unguwarku mai fita masallaci da asuba, ka roƙe shi ya riƙa buga maka ƙofa, ka kuma sake rubuto mini bayan kwana arba'in ɗin ka faɗa mini asuba nawa ka samu cikin jam'i.

Wallahu a'alam.