Masu baji sun ce za su rubuta mini kashi 60 na kamfani: in sa hannu?

Tambaya: Barista, sana'ata fata da ƙirgi a nan Sakkwato. Ƙanen maiɗakina da ke Fatakwal ya haɗa ni da wasu 'yan ƙasar waje masu baji, wato faffaɗan jirgin nan mai ƙugiya da ake kafa dandamalin haƙar mai da shi a teku. Za su rubuta mini kashi 60 na kamfanin, ni kuma in sa hannu a wata takarda daban cewa amanarsu nake riƙewa. Kuɗin da zan zuba kaɗan ne. In shiga?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ruwa ba ya tsami banza. Ba kuɗinka mutanen nan ke so ba, sunanka suke nema.

Tun 2003 Najeriya ta yi dokar sufurin ruwa na cikin gida, wadda ake kira Cabotage, hukumar harkokin sufurin teku ta ƙasa, wato NIMASA, ke kula da ita. Jirgin da zai yi aiki a ruwanmu, har da wuraren haƙar mai, sai ya zama mallakar 'yan ƙasa, an ƙera shi a nan, an yi masa rajista a nan, 'yan Najeriya ke aiki a cikinsa. Baji kuwa dokar ta ambace shi da suna. In an ce maka ai kotun ɗaukaka ƙara ta fitar da na'urorin haƙar mai daga dokar a 2019, gaskiya ne, amma hukuncin bai shafi baji ba.

Da yake manyan baji masu ɗaga ƙarfe mai nauyi sun yi ƙaranci a gida, minista na iya ɗage wasu sharuɗɗan in an tabbatar babu jirgin ɗan ƙasa da zai iya aikin. A layin masu neman wannan sassauci, kamfanin haɗin gwiwa da ɗan ƙasa ke da aƙalla kashi 60 shi ke gaba. Ka ga inda kashi 60 ɗinka ya fito.

To ga inda gizo ke saƙar. Dokar ta ce kason ɗan ƙasa ya kasance nasa na ƙashin kansa, ba riƙon amanar baƙo ba. Takardar nan ta biyu da suke so ka sa wa hannu, ita ce shaidar cewa abin da za a gaya wa hukuma ƙarya ne. Ranar da asiri ya tonu, ana iya cin tarar miliyoyin naira ko a ƙwace jirgin, su hau jirgin sama su bar ka da amsa tambayoyi. Ranar rabon riba kuma su zaro takardar su ce ba ka da ko sisi. Na taɓa ganin irinta: shafi biyu kacal, an manna 'yar takarda rawaya a inda mutum zai sa hannu, ko kwanan wata babu.

Akwai kuma nauyin da ba su faɗa maka ba: kashi 2 na kuɗin kwangila da NIMASA ke karɓa, kashi 1 na kuɗin kwangila da ake zubawa a asusun da NCDMB ta Yenagoa, hukumar bunƙasa shigar 'yan ƙasa harkar mai, ke riƙe da shi bisa dokar 2010, da izinin kwastam na shigo da jirgin na ɗan lokaci. Rigimar jirgi kuwa, ko ta bashi ko ta tsare shi, hurumin Babbar Kotun Tarayya ce, ba kotun Shari'a ko majistare ba.

Ni dai a ganina hanya biyu ce. Ko ka ce musu a kai kasuwa, ko ka shiga da gaske: ka biya kuɗin kasonka ta banki, sunanka ya fito a rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka samu kujerar darakta da sa hannu a asusun kamfani, takardar amana kuma a yage ta. In sun ƙi wannan, ka samu amsarka.

Kafin kwabo ya bar aljihunka, su turo maka kwafin kwangilar kamfanin man da ya ba su aiki, da takardar rajistar bajin, da ta inshora, da izinin NIMASA mai kwanan wata, domin ba ya wuce shekara guda sai an sabunta. Ka ba lauyan da ya san shari'ar teku a Legas ko Fatakwal ya tantance su a ofishin hukumar. Ƙanen maiɗakin naka kuma ka tambaye shi, cikin lumana, nawa aka yi masa alkawari in ka sa hannu.