Hukuncin warware manyan lambobi da kwamfuta: shin hisabin 'yan duba ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni mazaunin Makka ne, wajen Shari'ul Mansur, ina aiki a wani ofis a Jidda. Na shiga cikin masu sha'awar lissafi da ke ɗaukar babbar lamba, mai alƙaluma 120 ko fiye, su saka kwamfuta ta nemo ƙananan lambobin da aka ninka suka haife ta. Wanda ya gano sai ya zuba a rumbun FactorDB, wani shafin intanet da ake tara irin waɗannan amsoshi, kowa ya ɗauka kyauta. Ba a biyanmu ko halala ɗaya. Baba ya ce wannan hisabi ne irin na masu hatimi, ga ɓarnar wuta, domin kuɗin lantarkin gidanmu ya ƙaru da kusan riyal 40 a wata. Ba zan ɓoye maka ba kuma, wata uku ke nan ina barin kwamfutocin ofis suna wannan aiki da dare ba da sanin kowa ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka faɗi na ofis da bakinka, domin a nan nauyin yake. Amma bari mu fara da maganar mahaifinka.

Tsoronsa yana da tushe. A wajenmu kalmar hisabi ta daɗe da gaurayuwa da aikin masu lissafa haruffan sunan mutum da na uwarsa su ce masa ga matar da za ta zame masa alheri, ga ranar da zai yi tafiya. Wannan da'awar gaibu ce, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Naka aikin wani abu ne dabam. In ka ce 8,051 ita ce 83 sau 97, yaron firamare zai ɗauki biro ya tabbatar ko ya ƙaryata ka nan take. Ɗan duba kuwa babu ta inda za ka bi ka gwada maganarsa sai ka miƙa masa wuya.

Ina tuna malamin da ya koya mana rabon gado a zaure. Yakan share ƙasa da tafin hannu, ya zana lambobi da yatsa, ya goge ya sake. Baƙo zai ɗauka bugun ƙasa ake yi, alhali haƙƙin marayu ake fitarwa. Abin da yake zanawa kuwa ɗan'uwan aikinka ne na jini. Duk wanda ya karanta fara'il ya san tamasuli, tadahuli, tawafuƙi da tabayuni. Huɗu da shida sun yi tawafuƙi, domin biyu tana raba kowaccensu, sai a ninka rabin ɗaya da ɗayar a samu goma sha biyu. Uku da huɗu sun yi tabayuni, babu abin da ya haɗa su. Neman abin da ke raba lamba ke nan, kuma in babu shi ba a gyara mas'alar da rabon ya karye a kan magada. Littafin Al-Khawarizmi na aljabara ma, babban yanki nasa kan wasiyya da gado yake magana. Kamaluddin Al-Farisi, wanda ya rasu wajen 1319, ya kawo hujja cewa kowace haɗaɗɗiyar lamba tana warwaruwa zuwa lambobin da ba sa rabuwa. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratu Yunus, aya ta 5, ya ƙaddara wa wata masaukai domin mu san adadin shekaru da lissafi.

Imam Al-Gazali ya yi wani rarrabewa a Ihya'u da ya dace da kai. Ya ce lissafin da ake buƙata a mu'amala da rabon wasiyya da gado farilla ce ta kifaya, zurfafawa cikin ƙananan sassansa kuwa falala ce, ba farilla ba. A nan nake ajiye aikinka. Halal ne bisa ƙa'idar cewa asalin abubuwa halasci ne. Ba lagawu ba ne, tunda masu bincike suna amfani da jadawalin warwararrun lambobi irin waɗannan: waɗanda ake kira na Kaningham an fara wallafa su tun 1925 kuma har yau ana cike gurabensu. Sai dai ba zan ruɗe ka in ce kowace lambar da ka warware sadaka ce mai gudana ba. Da yawansu za su zauna a rumbun nan shekaru ba wanda ya waiwaye su. In ka yi niyyar taimakon ilimi, ina fata maka lada gwargwadon niyyarka, amma kada ka ɗora shi a mizani ɗaya da karatun Alƙur'ani ko hidimar iyaye.

Wasu na cewa ai da wannan ake fasa sirrin bankuna. Gaskiya ne tsarin RSA, wanda ake kulle bayanan sirri da shi, ya dogara da wahalar warware babbar lambar da ke cikin mabuɗinsa. Amma mabuɗin da ake yawan amfani da shi yau yana da alƙaluma 617, alhali lambar RSA-250, mai alƙaluma 250, sai a 2020 ƙwararru suka warware ta, bayan aikin da ya kai kimanin shekara 2,700 in ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya ce za ta yi shi. Injin ɗakinka bai kai can ba. In kuwa wata rana raunannen mabuɗin wani ya faɗo hannunka, haramun ne ka buɗe abin da ba naka ba.

Batun wuta kuma, israfi shi ne wuce iyaka, tabziri kuma kashe dukiya inda bai dace ba. Riyal 40 a wata ga mai albashi, a kan abin da yake halal, bai kai haka ba. Matasa nawa ne ke kashe fiye da wannan a shayi da shinkafar mandi cikin dare ɗaya? Amma in mahaifinka ne ke biyan kuɗin, to dukiyarsa ce, kuma ya riga ya nuna bai so. Ka karɓi takardar wutar ka riƙa biyan ƙarin daga aljihunka, ko ma duka in kana da hali. Sannan ka zaunar da shi cikin ladabi, ka nuna masa 83 da 97 a takarda, ka karanta masa wannan amsar. In bayan haka ya ce ba ya son injin yana kwana yana ƙugi a gidansa, ka kashe. Biyayya gare shi wajibi ce, wannan kuwa sha'awa ce.

Na ofis haramun ne, ba ni da shakka. Amana aka ba ka domin aikinsu. Injin da ke tankaɗe lambobi dare da rana yana shan wuta, yana zafi, yana saurin tsufa, kuma ka saka masa manhajar da masu shi ba su sani ba. Dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa, kuma cewa ai da dare ba wanda ke amfani da su ba izini ba ne. Ka tsayar yau, ka cire manhajar, ka tuba. Ka ƙiyasta wutar wata ukun, ka je wa shugabanka da bayani. In ya yafe shi ke nan, in ya nemi biya ka biya. Amsoshin da ka riga ka zuba a rumbu ba sai ka janye su ba, domin haƙƙin yana kan amfanin injin da ka ci, ba kan lambar ba.

Tsakaninka da abokan aikin nan ma akwai amana. In ka ce ka kama wata lamba, ka yi ta ko ka sake ta wani ya ɗauka. Kada ka ce ka yi gwajin da ba ka yi ba, kada kuma ka sa sunanka a kan gumin wani.

Saura lokaci. Kai da ka san darajar lamba, sallah ɗaya a Masallacin Harami ta fi dubu ɗari a waninsa, kuma unguwarku ba ta da nisa da shi. Injin ba ya buƙatar ka zauna gadinsa. Ka kunna shi bayan Isha'i ka kwanta, ka duba sakamako in ka dawo daga Asuba.

Wallahu a'alam.