Rabon Token Kyauta: A Tura Kuɗin Gas?

Tambaya: A wani zauren Telegram an ce in tura USDT 5 (kuɗin kirifto mai darajar dala) na gas kafin a sakar mini kyautar token, wato wani kuɗin kirifto. In tura?
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato

Amsa: Malam, kada ka tura ko sisi. Gas na gaskiya, wato ladan aika kirifto, daga walat ɗinka (asusun kirifto) ake cirewa, da kirifto kamar BNB ko ETH, ba mutum ake tura wa ba. Kalmomin sirrin walat, 12 ko 24, kada ka rubuta su a kowane shafi; wanda ya same su ya kwashe komai, kuma abin da ya fita ba ya dawowa. Buɗe walat daban don irin wannan rabon, ka bar 'yan canjin gas kawai ciki. In ka riga ka danna Approve (ba da izinin taɓa kuɗin walat ɗinka) a baƙon shafi, shiga shafin Revoke.cash yau ka soke izinin.