Amsa ga ɗan'uwan da kwafin fayiloli ke maƙale masa a hanya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu zama, don amsarta ta wuce layi biyu. Ka ce kana kwashe fayiloli wajen 300,000, hotuna da takardun shekara da shekaru, daga tsohuwar kwamfutarka mai Windows zuwa faifan waje. Da farko ya tashi da gudu, can ya koma tafiyar hawainiya, ya ce saura awa 3, anjima ya ce saura kwana 2, sau biyu ya tsaya da kansa, da ka ƙirga kuma abin da ya isa can bai kai na nan ba. Na ga wani ya ce ka sayi sabon faifai, wani ya ce ƙwayar cuta ce. Dakata tukuna, kada ka ciro kuɗi.

Kafin komai, don Allah kada ka yi amfani da yankewa (Cut), kwafi (Copy) za ka yi, kuma kada ka goge ko fayil ɗaya a tsohuwar kwamfutar sai ka tabbatar. Ni na ɗanɗana kuɗata a nan. Shekarun baya na yanke foldar aikina gaba ɗaya na zuba a wani filash da aka rubuta wa girman da ba shi da shi. Kwafi ya kammala lafiya lau, babu ƙorafi ko ɗaya, sunaye duk ga su a jere. Bayan mako biyu na buɗe wani hoto, sai ga rabinsa na sama daidai, rabin ƙasa toka-toka. Na buɗe na gaba, ya ƙi buɗuwa sam. Filash ɗin yana karɓar kaya yana rubutawa a kan na farko, ni kuwa na riga na share asalin da hannuna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, shi ya sa na fara da wannan.

To, me ke jawo jinkirin? Yawan fayilolin ne, nauyinsu bai dami kwamfuta sosai ba. Fayil ɗaya mai giga 50, in faifan yana rubuta mega 100 a daƙiƙa, minti 8 da 'yan kai ya wuce. Amma kowane fayil, komai ƙanƙantarsa, sai an buɗe shi, an yi masa gurbi a rajistar faifan can, an rubuta sunansa da kwanan watansa, an zuba abin da ke ciki, an rufe, manhajar tsaro kuma ta zo ta shinshina shi. Kamar ofishin da aka kawo wa ambulan 300,000 aka ce kowanne sai an shigar da shi littafi an sa hannu. Mu ƙaddara wannan hidimar tana cin kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa a kan kowane fayil: ka lissafa, sama da awa 4 ke nan sun tafi a cike-ciken rajista kawai. In faifan mai juyawa ne abin ya fi muni, don allurar da ke karatu sai ta yi ta kai-komo tsakanin rajista da inda kayan yake. Agogon da ke cewa saura kwana 2 kuwa, hasashe yake yi da gudun da ya gani a 'yan daƙiƙun baya. Ya shiga foldar bidiyo ya ce saura kaɗan, ya faɗa foldar ƙananan takardu ya ce sai jibi. Ka daina kallonsa.

Gudun farkon nan ma yaudara ce. Kwamfuta tana fara tara kayan a memori, faifan SSD da filash su ma suna da ɗan rumbu mai sauri, da ya cika sai ainihin gudun ya bayyana. Yawancin ƙananan faifan waje na yanzu suna rubutu ne ta hanyar da ake kira SMR, layi kan layi, in aka daɗe ana zuba musu sai su yi ta nishi. Duba ramin da ka soka kebul ɗin kuma. USB 2.0 da ƙyar yake wuce mega 40 a daƙiƙa. Nemi na USB 3, galibi harshensa shuɗi ne, ka soka kai tsaye a jikin kwamfutar ba ta wani mahaɗi ba.

Tsayawar da rashin cikar adadin su ne suka fi damuna, kuma a nan zan ɗan daɗe. Wanda na fi zargi shi ne tsawon adireshi. Windows tana da tsohuwar iyaka ta haruffa 260 ga cikakken adireshin fayil, daga harafin faifai, da sunan kowace folda, har sunan fayil ɗin. Mutum ya yi folda cikin folda cikin folda, kowace da suna mai tsawon jimla, sannan ya zuba duka cikin wata sabuwa mai suna "kwafin tsohuwar kwamfuta kafin gyara", shi ke nan an haura. Tun Windows 10 ta 2016 aka ba da damar ɗage iyakar, amma sai ka kunna da kanka, kuma ba kowace manhaja ke bin sabon tsarin ba, har da tagar da muke ja-mu-sauke a cikinta. Don haka ka ba foldar can gajeren suna, a bakin faifan.

Na biyu, tsarin da aka yi wa faifan fomatin da shi. Danna masa dama ka duba. In FAT32 ne, ba ya karɓar fayil da ya kai giga 4, ko da faifan fanko ne, kuma folda ɗaya ba ta ɗaukar gurabe fiye da kusan 65,000. Abin haushin shi ne dogon suna yana cinye gurbi da yawa, sai ka ga folda ta ce ta cika da hotuna 20,000 kacal. In exFAT ne waɗannan ba sa tasowa, sai dai yana da tasa: a faifan da ya wuce giga 32, Windows tana yanka fili ne kilobait 128-128, fayil mai kilobait 2 ma sai ya ci guda cur. Ƙananan fayiloli 300,000 sun cinye kusan giga 38 ke nan ko da kusan babu komai a cikinsu. Wannan ne ke sa mutum ya rantse kayansa za su shiga, a ce masa wuri ya ƙare. In dai a Windows kaɗai za ka yi amfani da faifan, NTFS ya fi maka. Ka tuna dai fomatin yana share duk abin da ke kai.

Akwai 'yan ƙanana da ke rage adadi: fayil da wata manhaja ta riƙe a buɗe, ɓoyayyun fayilolin tsarin, da waɗanda inuwarsu ce kawai a kwamfutar, ainihinsu na OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, sai an sauko da su daga intanet kafin su kwafu. In wasu kayan daga Linux suka zo, can Hoto.jpg da hoto.jpg fayil biyu ne, Windows kuwa ɗaya take ganinsu, kuma ba ta yarda da alamar tambaya ko tauraro ko ɗigo biyu a cikin suna.

Matsalar ja-ka-sauke a aiki irin wannan ita ce ba ta bar maka rahoto. Ta tsaya, ba ka san inda ta tsaya ba. Ka danna "tsallake duka" cikin gajiya da tsakar dare, gobe ba ka san me aka tsallake ba. Windows 8 ta kawo maɓallin dakatarwa da ɗan zanen gudu, an gode, amma rahoton dai babu. Shi ya sa ni da zarar fayiloli sun kai dubbai, robocopy nake kira, wato umarnin kwafar fayiloli na Windows. Yana nan cikin kwamfutarka, tun Windows Vista yake zuwa da ita, ba sai ka sauko da komai ba, kuma iyakar haruffa 260 ba ta kama shi. Buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, wato Command Prompt, ka sa wannan, ka canza adireshin zuwa naka:

robocopy "D:\Aiki" "E:\Aiki" /E /R:2 /W:3 /MT:8 /XJ /DCOPY:T /NP /TEE /UNILOG:E:\rahoto.txt

Na farko inda kaya suke, na biyu inda za su. Kada ka bar karkatacciyar sanda a ƙarshen adireshin kafin alamar rufewa, zai rikice ya ba ka kuskuren da ba za ka gane kansa ba; na ɓata rabin awa a kan wannan sandar guda. /E na nufin duk foldoji har da fanko. /R:2 da /W:3 su ne ran abin: in ba ka sa su ba, robocopy zai gwada fayil da ya ƙi sau 1,000,000, yana jiran daƙiƙa 30 tsakani. Fayil ɗaya mai taurin kai sai ya tsare ka kusan shekara. Da su kuwa zai gwada sau biyu, ya rubuta sunan mai gardamar a rahoto, ya wuce. /MT:8 yana ɗaukar fayil 8 a lokaci guda, wannan ne ke maganin cike-ciken rajistar da na faɗa. Amma in duka faifan biyu masu juyawa ne kuma ka ji suna ƙara kamar ana tauna tsakuwa, rage shi zuwa 4 ko 2, yawa a nan ba ƙarin gudu ba ne. /XJ yana hana shi faɗawa wasu gajerun hanyoyi da ke cikin foldar mai kwamfuta, waɗanda ke iya sa shi zagaye a wuri ɗaya yana haƙa folda cikin folda har faifai ya cika. /UNILOG na zaɓa domin sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai a rahoton. In faifan can FAT32 ne ko exFAT, ƙara /FFT, don agogonsu ba ya daidaita da na NTFS sosai, in ba haka ba sai ya riƙa sake kwafar abin da ya riga ya kwafa.

Daɗin abin shi ne, in wuta ta ɗauke ko kebul ya motsa, ka sake buga umarnin nan dai. Zai tsallake duk wanda girmansa da lokacinsa suka yi daidai, ya ɗora daga inda ya rage. Kayan da ka riga ka kwafa a yunƙurinka biyu ma ba asara ba ne, ka nuna masa foldar kawai. Da ya gama zai ba ka ɗan jadawali: nawa aka kwafa, nawa aka tsallake, nawa suka gaza. Layin gazawar nan za ka zuba wa ido. In ba sifili ba ne, buɗe rahoto.txt ka nemi kalmar ERROR, ga sunayensu nan ɗaya bayan ɗaya.

Za ka ga mutane suna ba da shawarar /MIR. Ka kiyaye shi. Aikinsa ya mayar da can daidai da nan, wato duk abin da ke can wanda babu shi nan, gogewa yake, kuma ba ya bi ta kwandon shara. Ka juya adireshin biyu bisa kuskure, fanko ya zama asali, sai innalillahi. Ga wanda ke kwashe kaya sau ɗaya irinka, ba ka da buƙatarsa. Duk umarnin da kake shakka kuma, ƙara masa /L, zai nuna abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba.

Kafin ka tayar da shi, hana kwamfutar barci, ka rufe sauran manhajoji. Manhajar tsaro kuma ni ba na kashe ta gaba ɗaya. Ina keɓe foldar can ne na wannan daren, da safe in mayar. Wasu suna dunƙule komai da 7-Zip ya zama fayil ɗaya kafin su kwafa. Yana taimakawa in ta hanyar sadarwa za a tura, amma ga ajiyar da kake son ta daɗe ba na so, don lahani kaɗan a dunƙulen kan iya taɓa kaya masu yawa. In dole ne, dunƙule shekara-shekara. Masu Linux da Mac da ke karanta wannan, naku rsync ne da -a, kuma ku lura da sandar ƙarshen adireshi, ita ke bambanta kwafar folda da kwafar abin da ke cikinta.

Robocopy fa girma da lokaci kawai yake dubawa, ba ya leƙa ciki, don haka da shi da ja-ka-sauke duk filash ɗina na bogi zai yaudare su. In kayan masu daraja ne, bi su da FastCopy ko TeraCopy ka kunna tantancewa, za su sake karanta kowane fayil su gwada shi da asalinsa. Sabon filash kuma ka gwada shi da H2testw, manhajar gano ainihin girman filash, kafin ka ba shi amana. Ni har yau sai na cire faifan ta hanyar da ta dace, na sake sokawa, na buɗe hotuna kamar 30 daga foldoji daban-daban, musamman waɗanda aka kwafa a ƙarshe.

Abu ɗaya ne zai sa in janye duk wannan. In rahoton ya nuna kuskuren CRC, wato bayanan da aka karanto sun lalace, ko kullum a fayil guda yake daskarewa, ko tsohon faifan yana ƙas-ƙas, to shi ne ke ciwo. A nan kada ka yi ta maimaitawa, kuma kada ka sa masa chkdsk, umarnin duba faifai da gyara shi, tukuna, wahalar na iya ƙarasa shi. Fara ɗebe foldojin da ba za ka iya rasawa ba, sauran a ɗauki cikakken kwafin faifan gaba ɗaya da manhajar ceto bayanai ddrescue, a yi aiki a kan kwafin.

Ka gwada yau da dare. Gobe ka turo mana tsarin faifan wajen, NTFS ne ko FAT32 ko exFAT, da jadawalin ƙarshen nan, da layi biyu ko uku na ERROR in akwai. Ka goge sunayen fayilolin da ba ka so a gani, lambar kuskuren kawai nake buƙata.