Dalilin da ya sa na bar ka cikin 'yan amshi

Ɗana, jiya bayan gwaji ka tambaye ni dalilin da ya sa na bar ka wata uku cur cikin 'yan amshi ban ba ka matsayi naka na kanka ba, ka kuma haɗa da tambayar inda sana'armu ta wasan dandamali ta samo asali. Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce. Ba Girkawa ne suka fara kwaikwayo a duniya ba, domin ko yaran da ke tashe a cikin azumi kwaikwayo suke yi, amma wasan da ake rubutawa, a gina masa wuri, a sa masa gasa, daga birnin Atens ya iso mana.

Mutanen Atens suna yi wa abin bautarsu Diyonisas biki a kowace shekara, wajen ƙarshen watan Maris, kuma a cikin bikin ana rera wata waƙar yabo wadda mutum 50 ke yi tare, suna rawa a cikin da'ira. Labarin da aka gada shi ne, wajen shekara ta 534 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani mutum mai suna Tesfis ya ware kansa daga taron, ya daina ba da labarin jarumi, ya tsaya ya yi magana da bakin jarumin, 'yan amshi suna tambaya yana amsawa. Kalmar da Girkawa suka laƙaba wa ɗan wasa ita ce "hifokiritis", wadda masana da dama ke fassarawa da mai amsawa. Ka ga ke nan taron amshi ne ya haifi ɗan wasa, kuma aikinsa na farko shi ne ya saurara sannan ya mayar da martani, abin da har yanzu kake gaggawa a kansa, domin kakan fara buɗe baki tun abokin wasanka bai dire maganarsa ba.

Masanin falsafa Aristotal ya rubuta cewa marubucin wasa Eskilas ne ya ƙara ɗan wasa na biyu, takwaransa Sofokilis kuma ya ƙara na uku, daga nan wasannin alhini ba su wuce masu magana uku ba. Waɗannan ukun, dukkansu maza, su ne ke fitowa a matsayin sarki da baiwa da ɗan aike da tsohuwa, suna shiga wata rumfa da ke bayan fili su canja fuskar aro da aka yi da ƙyalle mai tauri, wadda ke rufe kai baki ɗaya. Ka tsaya ka auna wahalar wannan aiki. Mutum ba shi da damar ɗaga gira ko murtuke fuska, ga dubban 'yan kallo a zaune kan gangaren dutsen Akrofolis na Atens da rana tsaka, babu lasifika, sai murya da tsayuwa da motsin hannu kaɗai. Filin wasa na garin Efidauros a ƙasar Girka, wanda aka gina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ɗaukar mutum kusan 14,000, kuma na sahun ƙarshe ma dole ne ya ji. A ganina 'yan wasanmu da suka saba da kyamara tana zuwa har kan hancinsu sun yi asarar wannan horo.

Su ma 'yan amshin ba cike gurbi suke yi ba. A wasan alhini su 12 ne, daga baya suka koma 15, 'yan gari ne da ake horarwa wata da watanni, kuma hukuma ce ke ɗora wa wani attajiri nauyin cinsu da suturarsu da mai koyar da su. Wasan da ya fi kowane tsufa cikin waɗanda suka tsira shi ne na Eskilas a kan Farisawa, na shekara ta 472 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda Ferikilis, jagoran Atens daga baya, ya ɗauki nauyinsa tun yana matashi. 'Yan amshi ne suke buɗe shi, a matsayin dattawan Farisa masu jiran labarin yaƙi, kuma ba a nuna yaƙin Salamis, inda Girkawa suka ci Farisawa, a fili ba, ɗan aike ne ya zo ya faɗe shi da baki, su kuma suka karɓe shi da kuka da waƙa har masu kallo suka ji nauyin asarar.

Gobe ka zo da wuri da mayafi mara kauri. Zan rufe maka fuska, in koma sahun ƙarshe in zauna, ka faɗi maganar ɗan aiken da ke fitowa ta biyu, 'yan uwanka suna karɓa maka.