Ga Malamar da ta yi tambaya kan ɗaliban da ba sa taɓa kayan labo

Malama ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na karanta tambayarki sau biyu, domin ciwon da kika faɗa na san shi sarai, kuma har yanzu yana ci mini rai. Kin ce an ɗora miki kula da TP (darasin gwaji da hannu a labo) na ƴan shekarar farko a sashen shimi, wato kimiyyar sinadarai, kin lura ƴan mata da yaran da suka zo daga ƙauye ba sa taɓa kayan aiki, sai dai su tsaya baya da biro, wasu ma sun daina zuwa. Shugaban sashe kuma ya ce ki rubuto ƙa'idojin mutunta juna a manna a bango, kina tambaya me za ki sa a ciki.

Ki rubuta, amma kada ki dogara da ita. Takardar bango iskar hunturu ce ke fara karanta ta. Abin da ke gyara sashe shi ne wa ke riƙe biret (dogon bututun gilashi mai awo da ke ɗigo da ruwan gwaji), yaya ake ba da maki, kuma ina mai kuka zai kai kukansa.

Ki fara da teburin aiki. Kada ki bar su su haɗa rukuni da kansu, don ƴan lise ɗaya na cikin gari za su dunƙule, a bar ɗan Tanut da ƴar Magarya a gefe. Ke za ki haɗa, mutum huɗu huɗu, kuma kada ki jefa mace ɗaya tilo cikin maza uku. Ki sa su biyu, ko da wani rukunin zai zama maza zalla. Aiki huɗu ne: mai ɗiban ruwan da pipet (siririn bututun awo), mai riƙe biret, mai rubuta awo da lissafi, mai wanke kaya. A gwajin asid da sud (soda mai ƙuna) ai sau uku ake yi, na farko don gano wurin da launi ke juyawa, biyun baya su zo kusa da juna, tsakaninsu kada ya wuce 0,1 mL. To kowane zagaye hannu ya canza, a kuma rubuta sunan wanda ya yi shi a gefen lambar da aka samu. Ki ware maki 4 ko 5 cikin 20 na abin da idonki ya gani a hannu. In ba ki yi haka ba, yarinya za ta gama lisans, shekara uku, ba ta taɓa ganin ɗigon da ya juya ruwa ya koma ruwan hoda ta hannunta ba, rahotanninta kuwa tsaf, don ita ce mai kyan rubutu.

Yanzu ga abin da ya fi ƙona mini rai, ki yi haƙuri in daɗe a kansa. Malamin nan mai kunyata yaro a gaban jama'a. Kowane sashe yana iya samun irinsa. Yarinya ta karanta biret daga sama maimakon ta daidaita idonta da ƙasan lanƙwasar ruwan, kuskuren da kowa ya yi a ranarsa ta farko, sai ya ɗaga murya yadda na ƙarshen ɗaki zai ji: "Ke me ya kawo ki nan? Je ki yi aure." Ko yaro ya yi tambaya da Faransanci mai tuntuɓe, sai ya maimaita maganar da muryar yaron, aji ya fashe da dariya. Ki kalli hannun yaron a lokacin. Zai ajiye pipet ɗin a hankali, ya sa hannu cikin aljihun bulus, farar rigar labo, ba zai sake fitar da shi ba har ƙarshen zango. Shi malamin ya manta kafin la'asar. In an yi masa magana ya ce haka aka horar da su, ko ya ce yana gyara su ne. Wallahi ba gyara ba ne. Yaron da ubansa ya sayar da buhun gero ko akuya ya turo shi Damagaram, yana kwana ɗaki ɗaya da mutum biyar, ya zo a ƙasa cikin rana, ba wannan ya zo nema ba. Kuma abin bai tsaya ga ɓacin rai ba, haɗari ne. Ɗalibin da ke tsoron tsawa ɓoye ɓarna yake yi. Ma'aunin zafi mai zaiba ya fashe, sai ya tura gutsattsarin ƙarƙashin tebur da takalmi ya yi shiru. Zaibar ta watse ƙanana ƙanana cikin tsagar siminti, ga zafin Afrilu da ya haura 40, tana tashi cikin iska ba wari ba launi, gobe mai shara ta zo da tsintsiya ta ƙara watsa ta. Alhali da ya faɗa, buɗe tagogi ne, a fitar da mutane, a tattara da kwali ko sirinji cikin kwalba mai murfi, a barbaɗa farar wuta a wurin. Don haka ki ajiye littafin ɓarna, ki faɗa musu tun ranar farko cewa wanda ya fasa ya faɗa ba a rage masa maki, wanda ya ɓoye shi ne mai laifi. Kuma ki cika alkawarin a fasawa ta farko, kowa idonsa na kanki ranar.

Gyaran kuskure a yi shi a bakin tebur, murya ƙasa, a nuna da hannu.

Maganar hijabi ma ki yi ta da kanki kafin wani ya yi ta da rashin ladabi. Gaskiya ne dogon hijabi na leda haɗari ne kusa da wutar gas, yana kamawa ya narke ya manne a fata. Amma "ki cire" ba amsa ba ce. Ƙaramin hijabi na auduga, a cusa shi cikin bulus, a ɓalla maɓallai har wuya, takalmi rufaffe. Dokar kuma ta hau kan maza daidai: babbar riga, rawani mai jela, silifa, duk ba sa shiga. Ki nemi sashe ya ajiye bulus kamar goma na aro, don wani ba taurin kai ya hana shi saye ba, burus ce, kuɗin tallafin karatu, ba ta fito ba. Mai juna biyu kuma ta samu hanyar gaya miki a asirce, ki canza mata gwajin da ke da kulorofom, benzen ko formol, ba tare da an yi shela ba.

Af, ruwa. Kin san halin famfo a garin nan. Bidon lita 20 mai murfi ya zauna a labo, ana canza ruwansa duk mako, ba a taɓa shi don wanke kwalabe. Sud ta faɗa ido, minti 15 ake yi ana zuba ruwa kafin a nufi asibiti. Bayin mata ma a ga yana da ƙofa mai sakata da buta da ruwa. Wasu fashin da kike gani a rajista daga nan suke, ba za su taɓa gaya wa namiji ba. TP kuma ya tashi kafin magariba, don wadda za ta hau kabu-kabu zuwa Garin Malam ko Karakara ta isa gida da haske. Darasin ramuwa kada a riƙa jibga shi Lahadi da safe kullum, akwai Kiristoci cikin ɗalibanku, kamar yadda ba a sa shi lokacin sallar Juma'a.

Sai wasan taubasantaka. Abin alfaharinmu ne, har UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2014. Amma daɗinsa ramuwa. Babarbare ya tsokani Bafillace, shi ma ya rama, a yi dariya a rabu. Malamin da ke riƙe da makin yaro in ya tsokane shi, yaron ba shi da bakin ramawa, to wannan ya tashi daga wasa. Haka in an karkata zuwa Hausa don bayani ya shiga, abu ne mai kyau, amma a tuna da ɗan Difa ko Bazabarmen da Hausarsa ba ta nuna ba, a maimaita masa.

Batun maki da ƴan mata ba zan kewaya ba. Takardun jarrabawa a rufe suna, lamba kawai mai gyara zai gani. A manna yadda aka raba makin kowace tambaya, a ba da kwana uku na duba takarda. Ganawa da ɗalibi a ofis ne, lokacin aiki, ƙofa a buɗe; ba gida, ba kiran dare, saƙo ya bi ta delege (wakilin aji) ko rukunin WhatsApp na aji. Matsa wa mace da neman lalata laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Nijar tun gyaran 2003, ki rubuta wannan ƙarara. Masu karɓar ƙorafi su zama biyu, ɗaya mace, kuma ba shugaban sashe kaɗai ba, don wata rana shi ne abokin wanda ake ƙara. A rubuta rana, wuri, kalmomin da aka faɗa, da wanda ya ji. A ba ta amsa cikin mako biyu. Kuma tun ranar da ta kawo kuka a cire takardunta da memuwar ɗinta (kundin kammala karatu) daga hannun mutumin, kafin ma a gama bincike. Nan ne ake yawan faɗuwa: a ce a sasanta, a kira ta ta zauna gabansa ta maimaita, a ce ta rufa masa asiri yana da iyali, sannan a bar makinta a hannunsa. Duk ƴan ajin suna kallo, kuma ba wadda za ta sake buɗe baki.

Kada ki kai takardar nan ke kaɗai, za a ce rigimar sabuwar malama ce. Ki nemi dattijo ɗaya da ake jin maganarsa a sashen, ki zauna da teknisiyan ɗin labo, don shi ya san wa ke kuka a bayan ƙofa, shi ma sau da yawa ana kiransa "kai" gaban ɗalibai alhali ya girmi mai kiran. Ki ji ta bakin delege biyu, mace da namiji. Sannan a karanta ta a taron sashe, ta shiga rubutaccen bayanin taro, kowa ya sa hannu. Rabon rukuni da juya aiki kuwa ba sai kin jira kowa ba, TP ɗinki ne, ki fara ranar Litinin. In kin rubuta daftarin ki turo nan mu duba tare.