Amsar babbar kwamfuta na zuwa mini a hargitse

TAMBAYA: Malam, na rubuta manhaja da ke aika buƙata ta TCP/IP (ƙa'idar sadarwa tsakanin kwamfutoci) zuwa babbar kwamfutar IBM mai aiki da z/OS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Haɗin yana kamawa, amma amsar da ke dawowa ba ta karantuwa, duk ta cika da alamar @. Wani lokaci ma rabinta kawai ke isowa. Ina matsalar take?
— Wani mai karatu

AMSA: Ɗan'uwa, wannan @ da ka ambata ita ta tona asirin. Manyan kwamfutocin IBM tun daga System/360 na 1964 suna wakiltar kowane harafi da lamba bisa tsarin EBCDIC, kwamfutarka kuwa wani tsarin daban mai suna ASCII ta sani. Gurbin da ke tsakanin kalmomi lamba 64 ce a EBCDIC, ita kuma 64 a ASCII @ ce. Harafin A a wajenka 65 ne, a wajensu 193. Amsar lafiyarta lau, karatunta ne ya bambanta.

Sai dai ina roƙonka, kada ka juya saƙon gaba ɗaya zuwa ASCII. Nan ne mutane da yawa ke lalata bayanai ba su sani ba. Shirye-shiryen da aka rubuta da harshen kwamfuta na COBOL kan ajiye adadin kuɗi a tsarin COMP-3, wato lamba biyu a bayit ɗaya (bayit shi ne wurin da harafi ɗaya ke ci): 12345 na zama 12 34 5C, inda C ke nuna adadin bai yi ƙasa da sifili ba, D kuma na nuna ya yi ƙasa da sifili. In ka juya wannan kamar rubutu, adadin ya tafi ke nan, kuma babu gargaɗin da za ka gani. Lambobin COMP, wani tsarin ajiye adadi a COBOL, su kuma babban bayit ne ke gaba, don haka in kwamfutarka ta karanta su a juye, 1 na iya fito maka 256. Je wurin masu kula da shirin, ka karɓi copybook ɗinsa, wato fayil ɗin da ke bayyana tsarin kowane gurbi na saƙon, ka bi shi gurbi bayan gurbi, rubutu kaɗai za ka juya.

Batun rabin saƙo kuwa, TCP ba ya sanin inda saƙo ya ƙare. Ku yarda da masu sabar, wato babbar kwamfutar da ke ba ka amsa, a sa tsawon saƙo a farkonsa, manhajarka ta yi ta karantawa har ya cika.

In amsa ta yi jinkiri, kada manhajar ta sake aikawa haka kawai. Mai yiwuwa CICS, shirin da ke aiwatar da buƙatu a babbar kwamfutar, ya riga ya gama aikin, sai a cire kuɗin mutum sau biyu. Ka ba wa kowace buƙata lambarta, domin sabar ta gane wadda ta taɓa gani.